Sha-kauci a Laminga

Shekara talatin ina gyaran agogo a bakin Taminus,
ido ɗaya a runtse, ɗaya a cikin gilashi,
har na ɗauka na gama ganin ƙananan abubuwa.
Sai Izang ya kawo mini ɗan sikelinsa da ya cije.
Na ce, me kake aunawa da wannan, zinariya?
Ya ce, zo Laminga ran Asabar, kafin rana ta fito.

Na je.
Raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa.
Can tsakanin duwatsu, inda kurmi ya rungume rafi,
sun ɗaura raga mai laushi kamar gashin jariri,
ga wani abu yana reto a ciki, bai cika tafin hannu ba.
Izang ya zare shi, ƙafa, fiffike, sannan kai,
yadda ake cire wa yaro ƙaya.
Sha-kauci ne, in ji shi. Namiji.

A inuwa baƙi ne kawai, ba abin a waiwaya ba.
Da ya juya shi wajen gabas
sai ƙirjin ya kama da wuta, ja wur,
goshi da haɓa suka yi kore
irin na ɗigon mai a kan ruwan kwata,
wanda in ka gusa taki ɗaya sai ya ɓace.
Baki dogo, a lanƙwashe kamar basilla.
A ciki akwai harshe mai rami, da shi yake zuƙa.

Sikelin da na gyara ya ce giram goma sha ɗaya.
Goron da ke aljihuna ya fi shi nauyi.

Izang ya nuna mini kauci a reshen ɗorawa,
furanni tsaye kamar tsinken ashana.
A kulle suke, ya ce, sai ya soka baki suke buɗewa,
su bar masa gari a goshi, ya kai wa na gaba.
Macen kuwa kalar ƙasa ce, ba ado,
amma ita ce magina:
busasshiyar ciyawa, ganye, zaren gizo-gizo,
ta rataya jaka a ƙarshen reshe,
har da 'yar rumfa a bakin ƙofa saboda ruwan Agusta.
Ƙwai ɗaya ko biyu.
'Ya'yan ba sa girma da zaƙi, sai da ƙwari.
Na ce, shi fa maigidan?
Ya ce, waƙa da faɗa.
Jiya da kansa ya wuni yana dambe a madubin babur ɗina.

Wai can ƙetaren teku akwai mai kama da shi,
ya fi shi ƙanƙanta, yana tsayawa cak a iska,
har ya tashi da baya.
Ba dangi ba ne, sana'a ce ta haɗa su.
Namu ya fi son ya sami reshe ya zauna tukuna.
Na ce, ɗan gida ne,
an gaya masa ba a shan abu a tsaye.

Bayan an sa masa zobe mai lamba a ƙafa
Izang ya ce, Malam Tanimu, kawo hannunka.
Wuya tsakanin yatsu biyu. Kar ka matse.

Ɗumi na fara ji.
Sannan bugun.
Na soma ƙirgawa, don hali zanen dutse,
ɗaya, biyu, sai lissafi ya kufce mini.
Duk agogon da na taɓa buɗewa
tafiyar tsoho yake yi a gefen wannan.
Ga shi babu murfi a baya,
babu inda zan sa tsinkena in rage masa sauri.

Na buɗe hannu. Bai tashi ba.
Ya kwanta a tafina, ya dube ni da ido guda,
kamar yadda nake duban agogon mutane.
Sai fir.
Reshen kauci ya ɗan girgiza.

Ran Litinin wata mata ta kawo agogon mijinta marigayi.
Na sa masa batir, ya tashi.
Na daɗe ina riƙe da shi a tafin hannu
har ta ce, Malam, ko akwai sauran matsala?
Na ce, babu, Hajiya.
Sanyi ne da shi kawai.